Katangar da aka binne a maƙabartar Belfas, da sauran tambayoyinku kan kaburbura

Wannan makon saƙonnin da suka taru a wayata kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar kabari da abin da ake ɗorawa a kansa, sai na ce toh bari in haɗa su waje guda. Masu tambaya kan tarihin kuɗin wuri ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni 'yar Kaduna ce ina aikin jinya a Belfas, Ailan ta Arewa. Wata abokiyar aikina ta ce min wai a babbar maƙabartar garin da ke titin Falls akwai katanga a ƘARƘASHIN ƙasa da aka gina don ta raba gawarwakin 'yan Katolika da na Furotesta. Na yi dariya na ɗauka tsokanata take yi, ta rantse. Da gaske ne? Kuma su ba duk Kiristoci ba ne, me ya yi zafi haka? (Daga wata 'yarka a Belfas)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya taimaka da aiki da sanyin ƙasar nan. Abokiyar aikinki ba tsokanarki take ba. An buɗe maƙabartar a 1869, hukumar gari ce ta yi ta don kowa da kowa, amma da aka zo rabon fili sai aka haƙa rami mai zurfin ƙafa 9, kusan mita 3 kenan, aka gina katanga a ciki aka mayar da ƙasa aka rufe, ɓangare ɗaya Katolika ɗaya Furotesta. A sama ba abin da za ki gani sai ciyawa. Abin dariyar kuma (in ana dariya a maƙabarta) shi ne katangar ba ta ma yi aikin da aka gina ta don shi ba, don bishop ɗin Katolika na lokacin, Patrick Dorrian, ya samu saɓani da hukuma kan wa ke da ikon cewa a binne wane ko kar a binne wane a ɓangarensu, da abin ya ƙi sai ya nemi fili daban a can gaba kaɗan a kan titin, aka buɗe maƙabartar Milltown a wannan shekarar dai. Sai aka bar katanga a ƙasa tana gadin iska. Shekara 100 cif bayan haka, 1969, aka fara gina waɗancan katangun na sama da kike wucewa ta gefensu in za ki aiki, masu raba unguwa da unguwa. Ke da kika taso a Kaduna kika san yadda kogi ya koma iyaka bayan rikicin 2000 ba sai na ja miki zancen ba.

Amma tambayarki ta biyu ita ce mai nama, me ya yi zafi. Kin ga asalin rigimar tambaya ɗaya ce, kuma ki riƙe ta don za ta sake dawo mana a ƙasa in mun zo kanmu: bayan mutum ya mutu, akwai sauran abin da mai rai zai iya yi masa, kuma akwai abin da shi zai iya yi wa mai rai? Katolika suka ce eh duka biyun. A wurinsu akwai wani zango tsakanin mutuwa da aljanna inda ake tsarkake rai daga sauran laifi, addu'ar masu rai tana rage masa zaman wurin, sannan waliyyansu da suka riga suka isa suna iya roƙa wa na duniya. Shi ya sa in kika shiga Milltown za ki ga gicciye a kan kusan kowane kabari, da haruffan nan uku IHS, wato sunan Yesu a taƙaice, da rubutu mai cewa a yi wa ran wane addu'a. Dutsen kansa roƙo yake yi, kamar almajiri a bakin ƙofa, duk wanda ya wuce ya sa baki. Kuma a wancan zamanin ƙasar maƙabartar ma sai bishop ya tsarkake ta da addu'a tukunna, wanda ba nasu ba baya shiga, kin ga inda katanga ta samo asali kenan.

Da Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a 1517, abin da ya fara harzuƙa shi ma ai wannan ne, ana sayar wa talakawa takardar sassauci wai a rage wa iyayensu da suka mutu azaba. Waɗanda suka biyo bayansa, musamman mutanen John Calvin, suka ce babu wani zango a tsakani, da ka mutu an rufe littafinka, addu'ar kowa ba za ta ƙara ba ba za ta rage ba. Toh in haka ne meye amfanin rubuta "ku yi masa addu'a"? Sai suka cire. Gicciye ma suka ce ya yi kama da bautar gumaka, suka cire. Mutanen Sukotlan da suka bi wannan layi, waɗanda jikokinsu ne yawancin Furotestan Belfas, har dokar coci suka yi a 1560 cewa a kai gawa a rufe ba waƙa ba karatu. Tsofaffin duwatsunsu abin da za ki gani ƙoƙon kai ne da ƙasusuwa, da agogon yashi, da kayan sana'ar mamacin, guduma in maƙeri ne, almakashi in tela ne. Wato dutsen Katolika yana roƙa wa na cikin rami, na Furotesta kuma yana yi wa na tsaye wa'azi, kai ma kana tafe.

Shi Calvin ɗin da ya mutu a Jeniba a 1564 wasiyya ya bari kar a sa alama a kabarinsa, don yana tsoron kar mabiyansa su mayar da shi abin da ya yi rayuwarsa yana yaƙa. Sai can a ƙarni na 19 aka zo aka ajiye wani ɗan dutse da haruffa biyu a inda ake kyautata zaton nan ne. John Knox na Sukotlan kuwa, wanda ya rasu 1572, yau inda ake cewa kabarinsa yake wurin ajiye motoci ne a bayan babban cocin Edinbara, fili mai lamba 23. Wallahi mota ake fakawa a kai.

In kin samu hutu ki hau jirgin ƙasa ki gangara Dablin, babban birnin Jamhuriyar Ailan, ki ga ɗaya gefen labarin. A can lokacin mulkin Ingila cocin Anglika ce ta gwamnati, tsofaffin maƙabartu duk suna hannunta, alhali mafi yawan mutanen ƙasar Katolika ne, sai ya zama dole ka kai mamacinka filin wanda bai yarda da addu'arka ba. A 1823 ana tsakiyar jana'iza a harabar cocin St Kevin mai kula da wurin ya tsawata wa fadan Katolika ya hana shi yin addu'a a bakin kabari, gari ya ɗauka. Daniel O'Connell, lauya kuma ɗan siyasa, ya ɗauki maganar ya yi ta fama har aka buɗe maƙabartar Glasnevin a 1832, inda ya ce kowa ya zo, mai addini da marar addini, kowa ya binne nasa yadda ya ga dama. Yanzu mutum kusan miliyan 1 da rabi ne kwance a wurin. Shi kansa yana can ƙarƙashin wata doguwar hasumiya da ta haura mita 50, kuma ita ma ba ta tsira ba, an sa mata bam a 1971 matakalar cikinta ta lalace, sai 2018 aka sake buɗe ta ga masu hawa. A Milltown ɗin nan taku kuwa a watan Maris 1988 wani mai suna Michael Stone ya shigo ana jana'iza ya jefa gurneti ya yi harbi ya kashe mutum 3.

Abu ɗaya da ya fi tsaya min a rai a tarihin ƙasar, kuma ke ma'aikaciyar jinya na san zai taɓa ki, shi ne jariran da suka mutu kafin a yi musu baftisma, wato wankan shiga Kiristanci. A da ba a yarda a sa su a tsarkakakkiyar ƙasa ba, sai uban ya ɗauki ɗansa cikin dare ko da asuba ya kai shi wani kango ko bakin gona ko gaɓar teku ya binne, a sa ɗan dutse ba suna. An ƙirga irin waɗannan wurare sama da 1,000 a tsibirin. Wannan ba Furotesta ne suka yi wa Katolika ba, 'yan gida ɗaya ne.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na dawo daga Umara, na shiga Baƙi'a bayan sallar asuba ina son in tsaya a kan kabarin Imamu Malik, ban ga komai ba sai tudun ƙasa da duwatsu, ba suna ba allo. Na tambayi wani askar ya ce in yi sallama in wuce. Amma wani ɗan Iran da ke kusa da ni yana ta kuka yana nuna wani wuri. Dama can haka Baƙi'a take? (Daga wani Alhaji, Maraɗi)

AMSA: Alhaji barka da dawowa, Allah ya karɓa ya maimaita mana. A'a ba haka take ba. Ka nemi tsofaffin hotunan Madina na zamanin Turkawa za ka ga Baƙi'a cike da fararen ƙubbobi kamar an kifa ƙwarya a jere, akwai ta Sayyidina Usman, akwai ta matan Annabi (SAW), akwai ta Imamu Malik, babbar cikinsu kuma ita ce wadda ke kan Abbas da Hasan ɗan Ali da Zainul Abidin da Muhammad Baƙir da Ja'afar Sadiƙ. Wurin da ɗan Iran ɗin nan ke nunawa kenan, huɗu daga cikin imamansu 12 suna nan kwance.

Sau biyu aka rushe. Tun a Najadu ma, can tsakiyar ƙasar Saudiyya ta yau, cikin abubuwan farko da Shehu Muhammad ɗan Abdulwahab ya yi da ya samu goyon bayan sarkin Uyaina shi ne rushe ƙubbar da ke kan kabarin Zaidu ɗan Haɗɗabi, ɗan uwan Sayyidina Umar. Da daular Saudiyya ta farko ta yi ƙarfi mayaƙanta suka faɗa Karbala a 1802, sannan suka karɓi Madina suka rushe ƙubbobin Baƙi'a wajen 1806. Turkawa suka turo rundunar Masar ta kore su, aka sake ginawa. Sai zamanin Sarki Abdul'aziz, bayan ya karɓe Hijaz, yankin Makka da Madina, alƙalinsa Abdullahi ɗan Bulaihid ya je Madina ya nemi fatawar malaman garin, aka sake rushewa ranar 8 ga Shawwal 1344, wato Afrilun 1926. 'Yan Shi'a har gobe suna zaman juyayin wannan rana duk shekara. Maƙabartar Mu'alla ta Makka inda Nana Khadija take ita ma haka aka yi mata. Wadda ta tsira ita ce koriyar ƙubbar nan da ka yi ta ɗaukar hoto a gabanta, kuma ita ma ba tun farko take ba, Sarkin Masar Ƙalawun ne ya fara ɗora ƙubba a wurin a 1279, koren fentin kuwa sai 1837.

Hujjar masu rushewa ba ɓoyayya ba ce kuma ba ƙarama ba ce, kar wani ya raina ta. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya hana a shafe kabari da farar ƙasa, a zauna a kansa, ko a yi gini a kansa, ya kuma ruwaito Sayyidina Ali yana aiken Abul Hayyaj da cewa kar ya bar wani kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Masu ginawa kuma suka ce hanin yana kan alfahari ne da cinye filin jama'a a maƙabartar waƙafi, kuma ga shi Annabi da kansa a ɗaki aka binne shi, ga kuma ɗaruruwan shekaru da manyan malamai suka yi suna wucewa ta gaban ƙubbobin nan. Amma in ka tona ƙasa sosai ba tubali ne ake faɗa a kai ba, tambayar nan ce da na ce wa 'yata ta Belfas ta riƙe. Rabinta mu Musulmi ba mu da rigima a kai, kowa ya yarda addu'ar mai rai tana isa ga mamaci, shi ya sa askar ɗin ma ya ce ka yi sallama. Ɗaya rabin ne wuta take, shin na kwancen zai iya zama tsani gare ka wurin Allah, a yi tawassuli da shi, a nemi albarka a inda yake? Wanda ya ce eh dole ya so ya san daidai inda kabarin yake, ya sa masa rufi da ƙofa da mai shara. Wanda ya ce wannan ƙofar shirka ce, shi kuma ɓatar da wurin ma ibada ce a wurinsa.

Kuma a yi musu adalci, sun yi wa kansu abin da suka yi wa wasu. Sarki Abdullahi da ya rasu a Janairun 2015, da duk dukiyar nan, ranar aka sallace shi aka kai shi maƙabartar Al-Ud a Riyad aka sa a rami ba suna. Duk lokacin da na tuna wannan sai Calvin ya faɗo min, mutanen da ba abin da ya haɗa su, ba harshe ba littafi, amma tsoro iri ɗaya ya kai su kabari iri ɗaya. Can Najaf kuwa kishiyar haka ne, Wadis Salam, maƙabartar da ake cewa babu mai girmanta a duniya, miliyoyin kaburbura an gina su da bulo wasu da hoton mamacin, tun ƙarnoni ana ɗauko gawa daga Iran da Indiya a kawo don dai a kwanta kusa da Sayyidina Ali.

Ni abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, malamai suna da hujjojinsu tun fil azal amma wanda ke da bindiga a garin shi ke yanke wace hujja za a ga alamarta a ƙasa. Maƙwabtanku na Mali sun gani da idonsu. Ƙarshen Yunin 2012 'yan Ansaruddin suka shiga hubbarorin waliyyan Tumbuktu da diga da gatari, suka fara da na Sidi Mahmud. Bayan an kore su magina 'yan garin, waɗanda suka gaji aikin kaka da kakanni, suka sake gina 14 da laka kamar yadda suke, aka gama a 2015, shi kuma Ahmad al-Faƙi al-Mahdi da ya jagoranci rushewar kotun duniya ta Heg ta ɗaure shi shekara 9 a 2016 bayan ya amsa laifinsa. A Omdurman kuwa ba ma Musulmi ne ya rushe ba, Kitchener ne ya ragargaza ƙubbar Mahadi a 1898 don kar ta zama matattarar masu tawaye, sai 1947 aka sake tayar da ita.

Kabarin Imamu Malik dai yana nan cikin Baƙi'a, gefen na malaminsa Nafi'u, tsofaffin 'yan Madina da masu jagorar alhazai sun san wurin.

TAMBAYA: Malam don Allah me ya sa mu muke tara ƙasa a kan kabari ya yi tozo, amma na ga a bidiyo wasu ƙasashen a shafe yake kamar tebur? (Ɗalibi daga Zariya)

AMSA: Ɗana wannan tsohon saɓani ne na mazhabobi. Malikiyya da Hanafiyya da Hambaliyya sun fi son tozo kamar na raƙumi, misalin taki ɗaya, don Buhari ya kawo wani tabi'i da ya ce ya ga kabarin Annabi (SAW) da tozo. Imamu Shafi'i ya fi son a baje saman, 'yan Shi'a ma haka. Ga inda abin ya ba ni mamaki ranar da na fara cin karo da shi: an samu wasu malaman Shafi'iyya daga baya da suka ce eh asalin mazhabarmu bajewa ce, amma tunda ta zama alamar 'yan Shi'a toh a koma tozo don a bambanta. Ka ji fa. Ba sabuwar hujja ce ta zo ba, maƙwabci ne ba a son a yi kama da shi.

TAMBAYA: Ina zuwa Istambul sarin kaya. A unguwar Ayyub na ga duwatsun kabari dogaye an sassaƙa musu rawani a ka kamar mutane a tsaye, har tsoro suka ba ni. Musulmi ne kuwa? (Hajiya mai atamfa, Kantin Kwari)

AMSA: Hajiya Musulmi ne na gidi, kuma unguwar ma sunan sahabi Abu Ayyubal Ansari ta ci, kowa so yake a binne shi kusa da shi shi ya sa tudun ya cika. Su Turkawan Usmaniyya ba sa sassaƙa fuska, sai suka koma sassaƙa abin da mutum ke sawa a ka, kuma a lokacin rawaninka shi ne katin shaidarka. Na malami daban, na waziri daban, ɗan ɗariƙar Maulawiyya doguwar hula kamar turmi, ɗan Bektashiyya hula mai tsaga 12, mata kuma furanni. Wanda ya iya karantawa daga nesa zai ce miki wancan alƙali ne wancan baharen soja ne wancan ga shehinsa. Da Sarki Mahmud na 2 ya murƙushe Janisari, tsohuwar rundunar sojan daular, a 1826 ya haramta Bektashiyya da suke jingine da ita, har duwatsun kaburburansu aka bi aka farfasa, 'yan kaɗan suka tsira. Daga 1829 ya sa ma'aikata jar dara, sai duwatsu ma suka koma dara. Sannan Ataturk ya zo a 1925 ya rufe zawiyoyi da hubbarori da doka. Ki lura da shekarar, kusan lokaci ɗaya da abin da ya faru a Baƙi'a, can an rushe da sunan tauhidi nan an garƙame da sunan zamani. A 1928 ya canza haruffa daga na Larabci zuwa na boko, yau Baturke zai tsaya gaban dutsen kakan kakansa ya kasa karanta ko sunan, ke da kika yi allo ma kin fi shi kusa.

TAMBAYA: Baba mahaifiyarmu ta rasu watanni 4 da suka wuce. Ni ina so mu kafa ɗan allon ƙarfe da sunanta don kar kabarin ya ɓace mana, yayana ya ce bidi'a ce in na sa sai ya je ya tuge. Yanzu ko gaisuwa ba ma yi sosai. Shi ɗan Izala ne ni kuma gidan Tijjaniyya na yi aure. Ya ake ciki a ƙasar Hausa tun da? (Wata baiwar Allah, Gusau)

AMSA: Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri 'yata. Nan ba zauren fatawa ba ne amma tarihi kam zan ba ki, da kuma abin da ya faru a gidanmu.

Kabarin Bahaushe tun da ba mai ado ba ne. A haƙa uwa, a haƙa 'ya a cikinta daidai faɗin mutum, a kwantar da shi kan damansa yana fuskantar gabas, a jera itace ko fasassun tukwane a rufe bakin 'yar, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a turo sauran ƙasar a yi tozo a yayyafa ruwa. Alama kuwa bakin tulu ne ko dutse ko reshen da aka soka, damina biyu uku ta shafe. Wannan talaka da attajiri duk ɗaya, kuma tun kafin a haifi Izala a Jos a 1978 haka ake yi, kar yayanki ya ɗauka su suka kawo, kar ke ma ki ɗauka da can gine-gine muke yi aka hana mu. Waɗanda aka ware su ne manyan malamai da sarakuna. Shehu Usmanu da ya rasu a 1817 a cikin gidansa aka binne shi a Sakkwato, wurin ya zama Hubbare, 'yarsa Nana Asma'u tana nan kusa, Sarkin Musulmi Abubakar na 3 da Maccido duk can aka kai su, Muhammadu Bello yana Wurno, Abdullahi yana Gwandu, sarakunan Kano na baya-bayan nan kuma gidan Nasarawa, can aka kai Ado Bayero a 2014. Kuma Shehun nan kowa jansa yake, 'yan Izala su ɗauko abin da ya rubuta kan bidi'o'i, 'yan ɗariƙa su ce ai Baƙadire ne, a ƙofar Hubbaren kuma kullum ga masu ziyara ga masu bara.

Abin da ya canza daga shekarun 1970 shi ne abubuwan da ke kewaye da ramin, talƙini, zaman makoki, sadakar uku da bakwai da arba'in, tsayawa a yi fatiha. Ranar da muka binne ƙanin mahaifina ina tsaye a bakin kabarin ƙafata cikin jar ƙasa, an gama jera tukwane ana miƙo kwaɓi a kwanon sarki, wani tsoho abokinsa ya durƙusa wajen kai zai fara talƙini, sai babban ɗan mamacin ya ce Baba a bari. Ƙaninsa ya ce ba za a bari ba. Masu shebur suka tsaya da ƙasa a kai, kowa ya yi tsit sai kukan kurciya a kan wata aduwa, mutum yana ƙasa ba a gama rufe shi ba 'ya'yansa biyu suna kallon-kallo a kansa. Liman ne ya yi dabara ya ce a turo ƙasa rana na yi, tsohon ya yi abinsa a hankali can ƙasa-ƙasa ba wanda ya ji, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci. Ba a sa alama ba don kar a sake tayar da maganar. Bayan shekara 6 babban ɗan, shi mai hanawar, ya zo ya same ni wai in raka shi ya yi wa babansa addu'a, muka yi ta zagaye muna neman aduwar nan, ashe an sare ta an yi sabon layi a wurin. Daga bakin katanga muka yi sallama muka juyo, a mota bai ce min uffan ba har gida.

Ki gaya wa yayanki wannan cikin ladabi, ba a waya ba, ki je gidansa da kanki. Lokacin da Usman ɗan Maz'un ya rasu, Muhajiri na farko da aka binne a Baƙi'a, Annabi (SAW) ya sa a kawo dutse, mutumin ya kasa ɗauka, shi da kansa ya naɗe hannun riga ya ɗauko ya ajiye wajen kan ya ce don in gane kabarin ɗan uwana in binne wanda ya rasu cikin iyalina kusa da shi. Abu Dawuda ya kawo shi, yayanki ya san shi. Inda malamai suka yi ta ja shi ne rubutu, dutse kam ba rigima. Toh ki bar masa allon, shi kuma ya bar miki dutsen, ki samo wanda ya fita daban, ko baƙi mai sheƙi irin na bakin rafi, ƙannenku maza su kai su ajiye wajen kan. Sannan su ƙirga layi na nawa ne daga ƙofa, kabari na nawa daga katanga, a rubuta a takarda a ba mutum biyu su ajiye, a kuma nuna wa mai gadin maƙabartar a ɗan ba shi na goro, don su ne ke sanin inda za a haƙa gobe. Kar a dogara da bishiya.